Ido Ba Mudu Ba Ne

Hausawa kan ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Na tashi ina jin wannan karin magana a bakin masu awon hatsi da masu yankan yadi, ban kuwa taɓa kawo wa raina cewa akwai ranar da zan yi jayayya da rabinta ba. Rabin farko dai gaskiya ne, babu tantama. Rabi na biyun ne wani dogon ƙwan lantarki, wanda tsawonsa bai wuce taƙi uku ba, ya sa na daina rantsuwa da shi. Ga yadda abin ya faru.

A gidan da nake haya a Ibadan akwai wani dattijo Bayarabe da muke ƙofa da ƙofa. Ya yi shekaru masu yawa a Sabon Garin Kano yana aikin ɗakin gwaje-gwaje, don haka Hausa a bakinsa kamar jakin Kano. Ni Baba nake ce masa, shi kuma ya ce mini ɗana. Abin da ya fi so a duniya, bayan jikokinsa, shi ne wani akwatin gilashi da yake kiwon kifi a ciki, ajiye a kusurwar falonsa kusa da taga. Tsawon akwatin santimita 60 ne, yana cin ruwa wajen lita 55. Ba tarwaɗa ko karfasa ce a ciki ba, balle a ce ranar miya ake jira. 'Yan ƙananan kifayen ado ne guda takwas, da wasu biyu, miji da mata, waɗanda kowannensu bai fi ɗan yatsa ba. Macen tana da jan ciki kamar an zuba mata ruwan zoɓo. Su biyun nan suna zaune cikin wata 'yar tukunyar ƙasa da aka kifa a gefe, kewaye da wani tsiro mai kauri da duhun ganye wanda aka ɗaure a jikin guntun itace. A cikin murfin akwatin kuwa dogon ƙwai ne guda ɗaya, irin wanda muka saba gani a azuzuwa da masallatai.

A farkon watan Fabrairu na shekarar 2023 'yar Baba ta zo daga Legas ta tafi da shi don a cire masa yanar da ta rufe idanunsa biyu. Kafin ya shiga mota ya damƙa mini makulli, ya ce, "Ɗana, ga amana. Abinci sau ɗaya a rana, gwargwadon abin da za su cinye cikin minti biyu. Fitila ka kunna da hantsi, ka kashe da magariba. Shi ke nan." Na ce, "Baba, ai wannan ba aiki ba ne." Ya yi murmushi, bai ce kome ba.

Kwana biyar da tafiyarsa ƙwan ya fara ƙifta ido. Sai ya kawo haske ya ɗauke, bakinsa biyu su yi ja, ya sake yunƙurawa. A rana ta shida ya mutu murus. Na zare shi, na ga duka ƙarshensa biyu sun yi baƙi kamar gindin tukunya, na jingine shi a bayan ƙofa ba tare da na ƙara dubansa ba. A lokacin ana fama da ƙarancin takardun kuɗi, shiga kasuwa sai mutum ya shirya, saboda haka na ce bari in yi dabara. Tagar da ke kusa da akwatin kullum labulenta a sake yake, ni kuwa na ɗauka saboda idon Baba ne, don mai yana ba ya son ƙyalli. Na yaye labulen, rana ta faɗo cikin ruwan, kifaye suka yi ta walƙiya. Na tsaya ina yaba wa kaina, ina cewa ga fitilar Allah kyauta, me za a yi da ta kanti?

Ba a yi kwana goma ba ruwan ya fara sauya kama. Da fari ya yi hazo-hazo, daga nan ya koma kore shar kamar an dama kuka. Ganyen tsiron nan ya yi gashi, gilashin ya yi gansakuka. Nan fa hankalina ya tashi, na nufi kasuwar kayan lantarki, ban ɗauki tsohon ƙwan ba, ban kuma rubuta kome ba. Ai na gan shi da idona, na san kimarsa. Na ce wa mai shago ya ba ni dogon ƙwai mai ƙafa biyu. Ya miƙo wani siriri, ya ce shi ne na zamani. Da na isa gida sai ƙwan ya ƙi zama: tsawonsa bai kai ba, 'yan ƙusoshinsa biyu kuma sun matsu da juna, ba su dace da ramukan mazauninsa ba. Na koma washegari. A wannan karo na dace da kauri da tsawo, amma sai idona ya kai kan wani da aka kunna a jikin bango, mai shuɗin haske kamar sararin sama bayan ruwa ya ɗauke. Mai shagon ya ce ai wannan musamman don akwatin kifi aka yi shi, ga ma hoton kifi a kwalinsa. Bai yi ƙarya ba. Ni ne ban tambaya ko wane irin kifi ba.

Na ɗaura shuɗin ƙwai, falon Baba ya koma kamar ɗakin amarya. Don in rama wa kifayen kwanakin da suka yi babu fitila, sai na bar shi a kunne dare da rana muddin akwai wuta, labule kuma yana nan a yaye. Kifin nan biyu suka shige tukunyarsu suka ƙi fitowa. In macen ta leƙo, sai in ga jan cikinta ya koma toka-toka. Wata rana cikin watan Maris, ana tsananin zafin nan na gabanin damina, aka kwana babu wuta, ɗan injin da ke hura iska cikin ruwan ya tsaya. Da na shiga bayan sallar asuba na tarar da kifayen duka sun taso sama suna buɗe baki, namijin nan kuwa yana kwance a gefen tukunya, cikinsa a sama.

Na daɗe a tsugune. Kifi ba ya kuka, ba ya kai ƙara, ba shi da ikon ya ce haske ya yi masa yawa ko ya yi masa kaɗan. Duk abin da ya same shi, daga hannun wanda ke wajen gilashi ya fito. Kuma mun ji tun muna yara labarin matar da aka kama da alhakin kyanwar da ta kulle. Ba zan ɓoye wa mai karatu ba, shaiɗan ya raɗa mini cewa in nemo wani namijin in saka, tun da Baba ba ya gani sosai. Sai na tuna ai gyaran idon ya tafi yi.

Ina cire murfin don in tsame gawar, sai na lura da abin da na yi makonni ina kallo ban gani ba. A cikin murfin, can gefe, an manna wata farar takarda mai gam, an yi rubutu da biro layi-layi. Kowane layi kwanan wata ne, tsakanin ɗaya da mai bi masa shekara guda ko kusa da haka, kuma a gaban kowanne an rubuta abu ɗaya: T8 18W/865. Rubutun layukan sama ƙanana ne, tsaf-tsaf. Na ƙasa kuwa sun yi girma sun karkace, alamar idon mai rubutun yana ta raguwa. Na ɗauko tsohon ƙwan daga bayan ƙofa, na goge ƙurarsa, sai ga lambar nan ɗaya a jikinsa. Rashin sani ya fi dare duhu, amma wanda ya fi shi muni shi ne a ajiye maka sani a bayan ƙofa ka ƙi waiwayawa.

Daga ranar na zauna neman ma'anar waɗannan haruffa da lambobi, kuma zan so in bayyana su, ko Allah ya sa wani ya tsira daga irin kuskurena. Harafin T da lambar da ke biye da shi kaurin ƙwan suke nunawa, ana kuma lissafa shi da kashi ɗaya bisa takwas na inci. T8 kenan inci ɗaya ne cif, wato wajen milimita 26. Siririn da na fara saye T5 ne, milimita 16, kuma tazarar ƙusoshinsa milimita 5 ce, alhali ta T8 milimita 13 ce. Shi ya sa ya ƙi zama. Akwai kuma tsohon yayi mai kauri, T12, milimita 38. Lamba 18 ita ce wat, wato yawan wutar da yake ci, kuma a irin wannan ƙwai wat da tsawo tare suke tafiya: mai wat 18 yana da kusan santimita 60, mai 30 kusan 90, mai 36 kuwa 120. Ba a yi wa mazaunin ƙwai dole, domin cok ɗin da ke cikinsa an yi shi ne daidai da wat ɗin da aka rubuta.

Lambobi ukun ƙarshe su ne zuciyar maganar. Ta farko, wato 8, tana nuna yadda hasken ke fito da launin abu a kan gaskiyarsa, kuma ma'anarta maki tamanin da wani abu cikin ɗari. Wanda ya fara da 7 bai kai shi ba, wanda ya fara da 9 ya fi shi. Biyun da suka rage, wato 65, gajarta 6500 ne a ma'aunin da ake kira kelbin, wanda da shi ake auna launin haske. In lambar ta yi ƙasa, kamar 3000, hasken yakan yi ɗorawa-ɗorawa irin na fitilar ƙwai. 4000 fari ne na ofis. 6500 shi ne mai kama da hasken rana tsaka. Daga 10000 zuwa sama kuwa sai shuɗi ya rinjaya. Shuɗin da na saya na masu kiwon kifin teku da murjani ne. Dalilin yin sa shi ne ruwan teku yana shanye jan haske tun daga sama-sama, shuɗi ne ke kaiwa can ƙasa, don haka halittun wurin da shi suka saba. Jan cikin kifin Baba kuwa ba zai fito ba sai in akwai ja a cikin hasken da ya sauka a kansa, tun da launi ba kome ba ne face abin da jiki ya mayar wa ido daga hasken da aka ba shi. Shi ma koren sinadarin ganye, wanda da shi tsiro ke haɗa abincinsa, ja da shuɗi yake sha tare.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne da na gano asalin waɗanda na azabtar. Kifin nan mai jan ciki, wanda masana ke kira Pelvicachromis pulcher, ɗan ƙasa ne. Daga rafukan kudancin Nijeriya da gaɓar Kamaru aka kai shi Turai da Amurka har ya zama ɗan gata a akwatunan gilashi. A cikin kogo ko rami yake yin ƙwai, uwa da uba kuma tare suke tsaron 'ya'yansu. Tsiron ma, Anubias barteri, na kurmin kudu maso gabashin ƙasar nan ne da Kamaru, inda yake manne wa duwatsu da itatuwa a bakin rafi ƙarƙashin inuwa. An sa masa sunan Charles Barter, masanin tsirrai da ya biyo tawagar Baikie zuwa kogin Kwara, ya rasu a Raba ta ƙasar Nupe a 1859. Tsiro ne mai jinkirin girma, saboda haka in haske ya yi yawa ba ya iya amfani da shi duka, sai gansakuka ta samu rarar ta haye ganyensa. Wato ni ɗan ƙasar rana na ɗauki abin da nake so na ɗora wa 'yan ƙasar inuwa. Labulen Baba ba don idonsa aka sake shi ba.

Mutuwar namijin ma ta daina zama mini abin mamaki. Koren ruwa ba datti ba ne, ƙananan tsirrai ne da ido ba ya rarrabewa, masu yawan gaske. Da rana suna fitar da iskar oksijin, da dare kuwa shaƙarta suke yi kamar kowane mai rai. Ruwa mai ɗumi kuma bai kai mai sanyi riƙe wannan iska ba. Da rana ta ɗumama ruwan, gansakuka ta cika shi, injin iska ya tsaya, sai numfashi ya ƙare kafin gari ya waye. An sha kwana babu wuta a gidan nan lokacin da Baba yake nan, ba a taɓa rasa ko kifi ɗaya ba.

Tafiyata ta uku kasuwa da tsohon ƙwan a hannu na yi ta, naɗe cikin jarida. Na shiga shago huɗu kafin in samu, domin yawancin masu shaguna sun koma sayar da fitilun nan na LED. Wani ya ba ni mai lamba 765, ya ce duk ɗaya ne, na ce a'a. Wani ya ce in zo ya kunna mini in gani da idona, na ce masa idon nan ne ya kai ni ya baro. Da na samu 865, sai na haɗa da sabuwar sitata, wato 'yar gwangwanin nan da ke tayar da ƙwan. Aikinta shi ne ta bari zaren da ke bakin ƙwan biyu ya yi zafi, sannan ta katse, cok ya yi harbi, wuta ta ratsa tururin zaibar da ke cikin gilashin. Tururin yana fitar da wani haske da ido ba ya gani, farar hodar da aka shafe cikin gilashin ita ke mayar da shi wanda muke gani. In sitata ta gaji, sai ta yi ta tayar da ƙwai ba ƙaƙƙautawa har ta ƙone masa baki, sabo ne ko tsoho. Hodar ma tana gajiya sannu a hankali, hasken ya riƙa raguwa ba tare da mai gida ya lura ba. Wannan ne ya sa masu kiwon tsirran ruwa kan sauya ƙwai wajen shekara-shekara tun bai mutu ba, shi ne kuma sirrin takardar da ke cikin murfi.

Na saki labule. Na lulluɓe akwatin da zane kwana uku don gansakuka ta rasa abinci, na riƙa kwashe rubu'in ruwan ina zuba wanda ya kwana a bokiti, na goge ganyen tsiron ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Sannan na koma ga umarnin farko: a kunna da hantsi, a kashe da magariba. Cikin mako biyu ruwa ya washe, macen ta fito daga tukunya, jan cikinta ya dawo. Tsohon ƙwan da shuɗin kuwa ban jefa su a juji ba. Na tuna yadda muke takobi da irinsu muna yara, mu fasa mu yi wasa da hodar, ba mu san akwai zaiba a ciki ba. Zaiba guba ce, kuma ta hanyar kifi ta shiga jikin mutanen Minamata a ƙasar Japan, inda aka gano cutar a 1956. Sunan garin aka sa wa yarjejeniyar duniya ta 2013 kan zaiba. A watan Agustan 2023 Tarayyar Turai ta hana shigar da sababbin T5 da T8 kasuwanninta, a ƙarshen wannan shekara kuma ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar suka amince a daina ƙera irin waɗannan ƙwayaye zuwa 2027. Ke nan ilimin da na sha wuya kafin in samu, na abin da ke bankwana da duniya ne. Sai dai ma'aunin kelbin yana nan a kwalin sababbin fitilun, kifin kurmi kuma bai daina son inuwa ba.

Baba ya dawo cikin watan Afrilu, babu sanda, babu mai riƙe masa hannu. Tun kafin ya zauna na faɗa masa kome, daga labule har gawar namijin. Ya yi shiru, ya matsa kusa da gilashin, ya daɗe yana kallon macen tana kewaya tukunya ita kaɗai. Sannan ya ɗaga kai ya dubi fitilar, ya ce, "Ɗana, wannan ba irin nawa ba ne. Nawa bai kai wannan fari ba, yana da ɗan ruwan ɗorawa." Na buɗe murfi na nuna masa lambar da ke jikin ƙwan, na nuna masa ta takardarsa. Ya karanta da kansa, ba tabarau, ya sake karantawa. Sai ya fashe da dariya har da riƙe ciki. Ya ce likita ya gaya masa haka za a yi: yana takan rina wa mutum duniya da ɗorawa-ɗorawa, in an cire ta sai ya ga kome ya yi fari da shuɗi. Ya ce, "Ashe shekara da shekaru hasken da nake gani daban, wanda suke zaune a ƙarƙashinsa daban. Da da ido nake saye, da tuni na kashe su."

Game da namijin, abin da ya ce kawai shi ne, "Allah ya sa iyakar hasarar ke nan. Ranar Asabar za mu je mu nemo mata wani, amma ita za ta zaɓa, don ba kowane take karɓa ba." Daga nan ya laluba aljihu ya zaro biro ya miƙo mini, ya nuna takardar da ke cikin murfi. Na ce, "Baba, ai yanzu kana gani." Ya ce, "Wa ya ɗaura ƙwan?" Na karɓa, na sunkuya, na rubuta kwanan wata a ƙarƙashin karkataccen layinsa na ƙarshe, na bi shi da lambar nan harafi bayan harafi, ina dubawa a jikin gilashin don kada in rubuta da ka.